Ra'ayi: Kashe jan rubutun nan, ka koyi karanta jirgin da ke gabanka

Duk wanda ya taɓa buga gem ɗin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu a waya ya san yadda abin yake. Kana tashi sama sikirin zai cika da rubutu: ja a kan jirgin abokin gaba, shuɗi a kan na ɗan'uwanka, ga sunan jirgin, ga nisansa, wani gem ɗin har da 'yar da'ira mai nuna maka inda za ka aika harsashi. Aikinka kawai ka bi ja ka danna. Haka abin yake a yawancin gem ɗin waya irin su Warplanes: WW2 Dogfight, haka kuma a War Thunder idan ka zaɓi matakin Arcade.

A ganina wannan jan rubutun ya cinye rabin daɗin gem ɗin. Abin da ya fi ba matuƙan wancan zamani wahala shi ne tambayoyi biyu: wane ne wancan ɗigon da ke tahowa, kuma ina ne wurina a cikin sahu? Saboda tambayoyin nan aka yi wa jirage fenti da haruffa da lambobi, aka kuma tsara yadda za su jeru a sama. Masu haɗa gem sun ɓata lokaci sun zana duk alamomin nan a jikin jirage, sannan suka ɗora jan rubutu a kai, ba wanda ke kallonsu. Ina so in nuna maka yadda ake karanta su, da dalilin da ya sa nake ganin ya kamata ka gwada tashi babu wannan taimako.

Fentin nan da jini aka saye shi

Ranar 6 ga Satumba, 1939, kwana uku da shigar Ingila yaƙi, jiragen Spitfire na sikwadiron ta 74 suka harbo jiragen Hurricane biyu na sikwadiron ta 56. Duka na Ingila ne, kuma babu jirgin Jamus ko ɗaya a wurin. Matuƙi ɗaya, Montague Hulton-Harrop, ya rasa ransa a hannun 'yan'uwansa.

A daren 11 ga Yuli, 1943, jiragen C-47 guda 144 suka ɗauko sojojin laima na Amurka zuwa tsibirin Sisili na Italiya. Jiragen ruwa da masu bindigar kakkaɓo jirage na ɓangarensu suka ɗauka Jamusawa ne, suka buɗe musu wuta, aka yi asarar jirage 23. Darasin wannan dare na cikin dalilan da suka sa, kafin mamayar Normandi ta 6 ga Yuni, 1944, aka zana wa jiragen ƙawance layuka biyar a fukafukai da gangar jiki: fari uku, baƙi biyu. A ƙananan jirage masu inji ɗaya faɗin kowane layi inci 18 ne. Sun san layukan za su tona jirgin ga abokin gaba, suka ga hakan ya fi sauƙi a kan ɗan'uwa ya harbe ka.

A watan Mayun 1942 Amurka ta cire jan ɗigon da ke tsakiyar tauraronta, domin daga nesa yana kama da jar da'irar Japan. Jirgin P-47 an yi masa farin fenti a hanci da wutsiya saboda ana ruɗa shi da Fw 190 na Jamus, P-51 ma an yi masa fararen layuka saboda ana ruɗa shi da Bf 109. Kama da wane ba ta wane, kuma a sama wannan kuskure rai yake ci.

Yadda ake karanta jirgin Ingila

Sikwadiron rukuni ne da kan tashi da jirage 12. A gefen kowane jirgi akwai haruffa uku da da'irar ƙasa a tsakaninsu. Haruffa biyun da ke manne da juna na sikwadiron ne, guda ɗayan kuma na jirgin ne shi kaɗai. Idan ka ga QV, sikwadiron ta 19 ce. DW ta 610 ce, ZP ta 74, LE kuma ta 242 wadda Douglas Bader ya jagoranta a 1940 da jirginsa LE-D. RF ita ce ta 303, ta matuƙan Folan da suka yi yaƙi a ɓangaren Ingila. Da aka fara yaƙi a Satumbar 1939 an sauya waɗannan haruffa don kada Jamus ta yi amfani da waɗanda ta riga ta sani.

Akwai wata alfarma da ake yi wa manyan jagorori masu riƙe da sikwadiron fiye da ɗaya: suna sa haruffan sunansu. Shi ya sa Spitfire ɗin Johnnie Johnson ke ɗauke da JE-J. Idan ka ga haruffan da ba su dace da na kowa a sahun ba, to mai yiwuwa babba ne a ciki.

A rediyo kuma da launi ake kira. An raba sikwadiron gida biyu, A da B, kowane gida yana da ƙananan rukunai biyu masu jirage uku-uku: Ja da Rawaya a gidan A, Shuɗi da Kore a gidan B. Idan muryar gem ta kira "Red Two", tana nufin na biyu a rukunin Ja. Wannan launi ba a fenta shi a jikin jirgi, a kunne kawai yake.

Jamus: lamba, launi da igiya

Tsarin Jamus ya fi sauƙin karantawa idan ka san matakansa. Jirage biyu su ne Rotte, huɗu Schwarm, kimanin 12 Staffel, Staffel uku su ba da Gruppe, Gruppe uku su ba da Geschwader. A gaban baƙin kuros ɗin da ke gefen jirgi akwai lamba, kuma launinta ne ke gaya maka Staffel: fari na ta farko a cikin Gruppe, ja na ta biyu wanda daga baya aka fi yi da baƙi, rawaya ko ruwan ƙasa na ta uku. A bayan kuros kuma akwai alamar Gruppe. Ta farko ba ta da komai, ta biyu kwantaccen layi, ta uku layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, daga baya aka mayar da shi layi a tsaye.

Haɗa su ka gani. Bf 109 mai lamba 7 rawaya da kwantaccen layi a baya, jirgi na 7 ne a Staffel ta uku ta Gruppe ta biyu, wato Staffel ta 6 a lissafin gaba ɗaya. Manyan hafsoshi ba su cika ɗaukar lamba ba, alama ake sa musu mai kama da igiyar kofur da aka kwantar a gefe. Igiya biyu, kwamandan Gruppe ne. A ƙarshen bazarar 1940 kuma suka fara shafa wa hancin jiragensu rawaya don su gane juna cikin rikici a saman Ingila.

Amurka: fenti mai ihu

Amurkawan da ke Ingila sun ari tsarin haruffa uku, amma suka ƙara da manyan launuka da ake gani daga nesa. Rukuni na 352 shuɗin hanci, na 78 hanci mai zanen dara baƙi da fari. Rukuni na 332, na matuƙa baƙar fata da aka horar a Tuskegee, wanda ya yi aiki daga filin Ramitelli a Italiya, jar wutsiya ce shaidarsa. Manyan jiragen jefa bama-bamai kuma a wutsiya ake karanta su: harafi a cikin alama mai kusurwa uku, ko mai kusurwa huɗu, ko da'ira. Harafin D a cikin mai kusurwa huɗu na rukuni na 100 ne, wanda aka yi shirin Masters of the Air a kansa a 2024.

Lissafin sikirin ɗin wayarka

A nan ne aikina na rubuta manhaja ya shigo. Ɗauki waya mai faɗin fikzel 2,400 idan ka kwantar da ita, a ce gem yana nuna maka faɗin digiri 80. Fukafukan Spitfire mita 11 ne da ɗan ɗoriya. A nisan kilomita ɗaya, jirgin gaba ɗaya fikzel 16 kawai zai ci a tsakiyar sikirin. A ce tsayin harafin da ke jikinsa santimita 60 ne, a wannan nisa bai kai fikzel ɗaya ba. Sai ka matso zuwa mita 100 kafin ya kai fikzel 8 ko 9, inda ido zai fara rarrabe shi. Ƙari a kan haka, don waya kada ta yi zafi, injin gem yakan sauya jirgin da ke nesa da wani samfuri mai sauƙi, ya kuma dusar da fentinsa.

Sai maganar lokaci. Jirage biyu masu gudun kilomita 500 a awa idan suka fuskanci juna, kilomita ɗayan nan ba ta kai daƙiƙa huɗu za ta ƙare. Saboda haka harafi shi ne abu na ƙarshe da za ka karanta. Kamar kallon ƙwallo ne daga can saman filin wasa: inda ɗan wasa yake tsaye za ka fara lura da shi, sannan launin riga, lambar baya sai ya matso.

A sama tsarin haka yake. Da farko dubi inda ɗigon ya fito da yadda suka jeru. Bayan haka siffa: fukafukan Spitfire masu zagaye ne kamar ganye, Hurricane yana da ƙusumbi da lagireto ɗaya a ƙarƙashin ciki, Bf 109E bakin fukafukansa a yanke yake kuma lagireto biyu gare shi, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike. Daga nan sai manyan launuka, hanci ko wutsiya ko layuka. Haruffa da lambobi amfaninsu ya fi yawa bayan faɗa ya lafa, lokacin da kake neman jagoranka a cikin jirage goma masu kama ɗaya.

Sahu yana magana kafin fenti

A 1940 Ingila tana tashi uku-uku, jagora a gaba, biyu a gefensa a matse kamar harafin V. Yana da kyau a hoto, amma biyun nan idonsu na kan jagora kada su yi karo, mutum ɗaya ne kawai ke duba sama. Jamusawa kuwa, bisa abin da Werner Mölders da abokansa suka koya a yaƙin basasar Sifen, suna tashi biyu-biyu a warwatse, tazarar kusan mita 200 tsakaninsu, kowa na kallon bayan ɗan'uwansa. Sojan saman Finlan ma ya riga ya kama irin wannan tsari tun shekarun 1930. Sailor Malan, ɗan Afirka ta Kudu da ya jagoranci sikwadiron ta 74, ya watsar da uku-uku ya koma huɗu-huɗu, kuma a 1941 tsarin Jamusawan ya fara bazuwa a sojan saman Ingila.

Idan kana son ka riƙe shi, miƙa hannunka na dama, tafi yana kallon ƙasa, ka manta da babban yatsa. Dogon yatsa na tsakiya shi ne jagora, na 1. Manuni da ke hagunsa shi ne na 2, mai tsaron bayansa. Yatsan zobe shi ne na 3, jagoran biyun da suka rage. Ɗan ƙaramin shi ne na 4, mai tsaron bayan na 3. Saboda haka a mishan ɗin 1940, ɗigo uku a matse galibi Ingila ce, huɗu a warwatse galibi Bf 109 ne. Ka sami amsa tun fenti bai bayyana ba.

Idan gem ya ba ka na 2 ko na 4, aikinka ba farauta ba ne. Ka zauna gefe da ɗan baya, inda za ka ga wutsiyar jagora da sararin da ke bayansa, ka yi magana idan ka ga wani abu, ka bi shi duk inda ya juya. A nan yawancinmu muke faɗuwa, domin jan rubutu ya koya mana cewa duk ja namu ne. Mutum huɗu su tashi tare, minti biyu kowa ya kama gabansa, a tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Wani abin lura: harafin jirgi ba shi ne matsayinsa a sahu ba. A zahiri matuƙi yakan hau duk jirgin da makanikai suka ce lafiyarsa lau a ranar, don haka jirgi mai harafin K zai iya jagorantar mai harafin A. Amma hanya mafi sauƙi ga mai rubuta manhaja ita ce ya raba lambobi bi da bi, na farko ya ɗauki 1, na biyu 2. Idan ka lura gem ɗinka haka yake yi, yi amfani da shi wajen nemo jagora, sai dai kada ka ɗauka haka tarihi yake.

Maganar riƙe sahu ta taɓa ratsa ƙasarmu. Daga Satumbar 1940 Ingila ta riƙa harhaɗa jirage a Takoradi da ke Ghana ta yau, ana tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, sannan Sudan har zuwa Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Ƙananan jirage irin Hurricane sukan bi bayan Blenheim ɗaya mai ɗauke da masanin hanya. Wanda jagora ya ɓace masa a cikin hazo ko hadari, daji da hamada ne a gabansa. Duk mai iya haɗa mishan a cikinmu, ga labari nan a ƙofar gida, ba harbi ko ɗaya, riƙe sahu kawai.

Hujjar masu cewa a bar jan rubutu

Suna da gaskiyarsu. Sikirin ɗin waya inci shida ne da ɗan wani abu, idon matuƙi na gaske ya fi shi gani nesa ba kusa ba. Netwok yana yankewa, jirgi ya yi tsalle daga nan zuwa can. Wani minti goma kawai gare shi kafin caji ya ƙare, ba zai ɓata su yana bin ɗigo ba. Akwai masu matsalar ido, akwai sabon shiga da zai gudu idan aka kakkaɓo shi sau biyar bai ga wanda ya harbe shi ba. Kuma a matakin Simulator na War Thunder, inda babu rubutu a kan abokin gaba, harbo ɗan ɓangarenka yana jawo tarar kuɗin gem da ka sha wahalar tarawa.

Duk wannan hujja ce ta a rage taimakon daki-daki, ba ta a dawwama a kansa ba. Laifin da nake gani na masu haɗa gem shi ne yawancinsu zaɓi biyu suke bayarwa, ko a gaya maka komai ko a bar ka a duhu. Tsakiyar ba ta da wuyar rubutawa. A sa ɗigo marar launi a kan jirgin da ke nesa don rama ƙarancin sikirin, kada a faɗi ko na wane ne. A bar shuɗin rubutu a kan 'yan rukuninka huɗu kawai. A sa maɓallin jawo hoto kusa inda yatsa zai kai da sauri. A ba mai tsaron baya maki idan jagoransa ya sauka lafiya, domin muddin harbi kaɗai ake biya, ba wanda zai zauna a sahu.

Akwai alama ɗaya da ba na goyon bayan a dawo da ita. Jiragen Jamus na lokacin suna ɗauke da tambarin 'yan Nazi a wutsiya, kuma yawancin gem suna cire shi ko su sauya shi, saboda dokokin ƙasashe irin Jamus da kuma abin da yake wakilta: gwamnatin da ta hallaka miliyoyin mutane, ta kuma ɗauki baƙar fata a matsayin ƙasƙantattu. Ba ka buƙatarsa wajen gane jirgi, kuros da lamba da siffa sun isa. Masu saka shi a hoton furofayil don burgewa su san abin da suke ɗauka.

Ta ina za ka fara

Zaɓi shekara ɗaya da fage ɗaya, misali Ingila a 1940, inda ƙananan jiragen da za ka rarrabe ba su da yawa: Spitfire, Hurricane, Bf 109 da Bf 110 mai inji biyu. Shiga wurin ajiye jirage na gem ɗin, ka juya kowanne ta gaba, ta baya, ta sama, ka ɗauki hoton sikirin. Rage hoton har ya zama kamar ƙwayar shinkafa ka ga ko za ka gane shi. Sannan ka shiga saiti ka kashe abin da gem ya yarda a kashe, ka fara da mishan na kai kaɗai inda kuskure ba ya cutar da kowa.

Idan kana da laftof, ko tsohuwa ce, IL-2 Sturmovik: 1946 da ya fito a 2006 ba ya buƙatar babbar na'ura, kuma yana barin ka kashe rubutun gaba ɗaya. Mai kwamfuta mai ƙarfi ya duba Cliffs of Dover, inda jiragen ke ɗauke da haruffan sikwadiron ɗinsu. Daga nan ka nemi aboki ɗaya, ku buɗe kiran murya, ku yi yarjejeniya: yau kai ne na 1 ni ne na 2, gobe mu sauya. Ku auna nasara da sau nawa kuka sauka tare.

Makon farko za ka ji kamar an rufe maka ido, kuma makinka zai sauka. Bayan haka za ka fara ganin abin da jan rubutu ya ɓoye: ɗigo huɗu a warwatse suna gangarowa ta ɓangaren rana, rawayan hanci, igiya biyu a gefen na gaba. Za ka san su wane ne, ka san wanda ke jagorantarsu, ka gaya wa abokinka kafin su iso.